Hannun Baba a Kan Tazuge

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya bar mana Baba bayan mun fara cire rai. Ba don in ɓata sunan kowa nake wannan rubutu ba, shi ya sa ba za ku ji sunan asibitin daga gare ni ba. Na rubuta ne saboda duk wanda zai kai tsohonsa gaban likita, da kuma masu koyar da yaran nan masu farar riga. Sai da na nemi izinin Baba kafin in ɗauki biro. Izinin ma ta bakin ƙanena na nema, ta bakinsa kuma aka ba ni.

Ni ne ɗan fari a gidanmu, a Unguwar Kanawa. Baba malamin allo ne, ya haura saba'in, kunnensa kuma ya yi nauyi ƙwarai. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In yana nemana sai ya ce wa ƙannena su kira yayansu. In muka rage mu biyu a zaure, yana magana yana kallon bango, ina amsawa ina kallon tabarma. Ba ƙiyayya ba ce, alkunya ce irin ta mutanen da, kuma Inna ma haka take da ni. Abokaina na ofis sun sha yi min tsiya, wai a Kadunan yau ni kaɗai na rage da uba mai jin kunyar ɗansa. Ni dai ban taɓa ganin aibun abin ba, sai da ciwo ya shigo gidan.

Wanda Baba ke sakewa da shi ƙanena ne, Nasiru. Shi ke yanke masa farce, shi ke tsokanarsa har ya yi dariya. To amma Nasiru direban tanka ne, lokacin yana can hanyar kudu. Ƙannena mata kuma duk suna gidajen mazansu. Haka jinya ta faɗo kaina, ni da ban taɓa ganin ko kafaɗar Baba ba riga ba.

Makon farko ciwon ciki ne mai zuwa yana tafiya. Sai ya murɗe shi, ya yi amai, ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, bayan wani lokaci ya fito ya zauna a gaban ɗalibansa kamar ba shi ba. Mai kemis na bakin layinmu ya ce gyambon ciki ne, ya ba mu farin ruwan magani. Kawu Isa, ƙanen Inna, ya zo daga Rigachikun da jarkar jiƙo, ya rantse basir ne, ya ce tsohon da ya sha wannan sai ya yi tsere da jikokinsa. Wata maƙwabciya ta ce a hana shi kosai. Duk mun gwada. Jiƙon Kawu dai bai sa Baba tsere da kowa ba, sai ƙara masa murɗa da ya yi.

Mako na biyu na ɗauki hutu na kai shi asibiti, babban nan da ake koyar da ɗalibai. Mun bi layin kati, mun bi layin awo, mun zauna a benci har rana ta take. Da muka shiga, likitan matashi ne mai fara'a, ga ɗalibai biyu a tsaye a bayansa. Ya yi wa Baba tambaya, Baba bai ji ba. Sai ya juyo gare ni ya ce in riƙa faɗa masa da ƙarfi. Daga wannan lokaci na zama bakin likitoci kuma kunnen Baba, ba wanda ya tsaya ya tambayi ko ni wane ne a wajensa.

Na sunkuya na ɗaga murya na tambaye shi inda ke masa ciwo. Ya zagaya tafin hannunsa a kan cikinsa gaba ɗaya. Aka ce ya hau gado. Ya hau, ya ɗage rigarsa zuwa cibiya, ya kuma ɗora hannun hagu a kan tazugen wandonsa ya danƙe. Likitan ya danna nan, ya danna can, ya kai kusa da hannun, ya dubi farin gemun Baba, sai ya ce, "Sannu Baba, shi ke nan, sauko." Aka ɗebi jini, aka ce taifot ne, aka rubuta mana ƙwayoyin da suka ci wa albashina gefe guda. Na dawo gida da murna, don ciwon da ke da suna ya fi sauƙin ɗauka a zuciya.

Ya ɗan samu sauƙi kuwa. Sai a mako na uku abin ya dawo, bai kuma tafi ba. Amai ya koma kore, daga baya ya koma wani launi da ba na son tunawa. Bayan gida ya tsaya cak. Baba da ba ya barin jam'i ya kasa tashi alwala. Ranar da na ɗauke shi a hannu zuwa mota, na ji ba shi da nauyi, sai cikin da ya yi gaba. A nan tsoro ya fara shigata da gaske. A asibitin suka ba mu gado a ɗakin maza, suka sa masa ƙarin ruwa, suka zura masa roba ta hanci.

Ɗakin dogo ne, gadaje a jere dama da hagu, ba labule tsakanin mutum da maƙwabcinsa. Kowane mara lafiya akwai ɗalibin da aka damƙa wa shi, ya yi masa tambayoyi, ya duba shi, washegari ya karanta wa babban likita abin da ya samo. Baba ya faɗo hannun wata yarinya mai suna Rukayya. Tarbiyya kam tana da ita, har ƙasa ta durƙusa ta gaishe shi. Ta zauna da tambayoyinta a jere kamar yadda aka koya mata, tana faɗa min, ni kuma ina kwarara wa Baba a kunne, ɗakin gaba ɗaya yana saurare. Yaushe rabonka da bayan gida? Kana fitar da iska? Fitsari fa? Ku dubi wannan hali: ni, ɗan fari, ina yi wa mahaifina ihun waɗannan tambayoyi a gaban yarinya sa'ar jikarsa da maza cike da ɗaki.

Can ta ce in tambaye shi ko akwai kumburi a wani wuri a jikinsa. Na tambaya. Baba ya rufe ido ya ce, "Alhamdulillahi." Na sake tambaya, ya sake ba da amsar nan. Na lura Rukayya ta daɗe tana kallon hannunsa na hagu, wanda tun da muka zo bai bar kan tazuge ba, ko barci yake. Ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta dube ni, ta dubi Baba, ta tattara takardunta ta yi mana sannu.

Da safe babban likita ya shigo zagaye. Cif suke ce masa. Kafin ya iso ka san yana tafe, don nas-nas na gyara zanin gado, ɗalibai na gyara wuyan riga, wasu leɓensu na motsi suna bitar karatu. Masani ne, wannan ba wanda zai musa. Amma yadda yake koyarwa, ni da nake gefe ma sai da na sha jinin jikina. Ya jefa tambaya, in ka yi jim ya ce ka koma gida ka sayar da tumatir, sauran su yi dariyar da ba ta da sauti. Suka kewaye gadon Baba har ba na ganin komai sai ƙafafunsa. Rukayya ta fara karatu, ta yi tuntuɓe a wata kalma. Cif ya tsayar da ita ya wanke ta tas. Ban ji duka ba, amma na ga hawaye ya sauka a kan takardarta. Daga nan ba ta ƙara ɗaga kai ba.

Cif ya danna cikin Baba, ya saurara da abin sauraren ƙirji, sannan ya juya ga ƙaramin likitan da ke kula da ɗakin ya yi masa wata gajeriyar tambaya da Turancinsu na asibiti. Yaron ya amsa da sauri, kalma ɗaya. Cif ya gyaɗa kai, ya ce a yi hoton ciki, a kira masu tiyata su leƙo in sun samu sarari, suka wuce gado na gaba. Sai daga baya na san abin da aka tambaya. Cewa ya yi, an duba matsematsinsa? Amsar kuma ita ce an duba, lafiya lau. Ni kuwa ban bar bakin gadon nan ba, na san ba wanda ya taɓa ɗage hannun Baba daga inda yake.

Hoton bai samu ba a ranar, wai injin na jiran mai gyara. Cikin Baba ya ci gaba da tashi har fatar na sheƙi. Zazzaɓi ya rufe shi. Mutumin da ke gadon kusa da mu, wanda jiya-jiya ya roƙe ni in miƙa masa ruwa, aka zo aka lulluɓe shi aka fita da shi. Na zauna ina kallon katifarsa da aka naɗe. Inna ta kira ni a waya. Ita ma ba ta iya doguwar magana da ni, sai ta ce, "Ka ce musu su duba shi da kyau. Ko'ina da ko'ina." Na ce mata ai manyan likitoci ne a kansa. Ta sake cewa ko'ina da ko'ina, ta kashe. Ashe ta san abin da ke jikin mijinta shekara da shekaru, amma ba ni ne wanda za ta iya faɗa wa ba.

Washegari da hantsi wani likita ya zo daga ɓangaren tiyata, Dakta Habila, yana cikin masu neman ƙwarewa a fannin. Na hango Rukayya ta tare shi a baranda tana yi masa magana ƙasa-ƙasa, tana nuna ƙugunta da hannun hagu. Ya shigo, ya gaida Baba, ya dubi hannun, sannan ya dube ni.

"Kai wane ne nasa?"

Na ce ɗansa ne.

"Na fari?"

Na ce e.

"To don Allah ka ɗan ba mu wuri. Ke ma Rukayya, jira mu a waje."

Ya sa aka gangaro da wani labule mai taya da ke jingine a lungu, an rataya masa tsummoki, ashe duk kwanakin nan yana nan. Kafin a ja shi na ga abin da ban taɓa gani ba. Ya cire abin sauraren ƙirji daga wuyansa, ya sa wa Baba a kunnuwa, ya kama kan ya kai bakinsa, ya yi magana a hankali. Na ga idon Baba ya buɗe. Karo na farko ke nan tun da muka zo da wani ya yi masa magana ba da ihu ba, ba kuma ta bakina ba.

Ban daɗe a baranda ba ya fito, fuskarsa ta canza. Ya ce ƙaba ce, wato hanji ne ke zurarowa ta matsematsi. Ta daɗe a jikinsa, in ta fito yakan shiga ɗaki ya kwanta ya mayar da ita da hannu, wannan karon ta ƙi komawa, ta shaƙe hanji. Maganarsa ta gaba har yau tana kunnena: "In mun buɗe muka tarar hanjin ya yi baƙi, sai mun yanke. Ga shekaru, ga jiki ya galabaita. Ba zan ɓoye maka ba, zai iya tashi, zai iya kuma bai tashi ba." Na tambaye shi da an gani tun makon jiya fa? Sai ya ce in je in nemo masu ba da jini.

Jini bai yi wuya ba. Waya ɗaya na yi, tsofaffin ɗaliban Baba suka cika harabar, wani daga Katabu ya baro shagonsa a buɗe. Kayan aiki kuwa komai sai da muka saya, har safar hannu, Kawu Isa da ya kawo jiƙo shi ya fi kowa zirga-zirgar kemis, Allah Ya saka masa. Bayan azahar aka ɗora Baba a gadon turawa. Ina biye da su har ƙofar ɗakin tiyata, inda ba a wucewa. Sai ya ɗaga hannu aka tsaya. Ya juyo ya dube ni, ido cikin ido.

"Sulaimanu."

Na waiga, wallahi na zaci wani ne ke kirana daga baya.

"Sulaimanu, ka riƙe uwarku. Kada a rufe makarantar. Na yafe maka, kai ma ka yafe min."

Aka tura shi, ƙofa ta rufe. Mutane na cewa da ma su ji iyayensu sun kira su da irin wannan murya. Ni ban ji daɗi ba ko kaɗan. Tsoro ne ya kama ni, don na san Baba ba zai karya abin da ya riƙe tun haihuwata ba sai ya tabbatar ba zai sake ganina ba. Na yi la'asar a masallacin asibitin, ban san abin da na karanta ba.

Rana ta yi sanyi Dakta Habila ya fito. Hanjin ya yi baƙi, sun yanke kamar tsawon taƙi guda sun haɗa. Baba na numfashi. Na durƙusa a wurin ina hamdala.

Mako na huɗu bai fi na uku sauƙi ba. Zazzaɓi ya ƙi sauka, ɗinkin ya yi ruwa, aka buɗe gefe ana wankewa kullum. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne Baba bai daina kiran sunana ba. Sulaimanu ba ni ruwa, Sulaimanu juya ni. Ya bar ni ina goge masa jiki, ba ya ko kawar da kai. Duk kira ɗaya sai gabana ya faɗi, don a wajena mutumin da ya ajiye kunyarsa ya gama shirin tafiya ne.

A cikin makon Cif ya biyo da tawagarsa har inda aka mayar da mu. Labari ya kai masa. Na ce yau yaron nan da ya ce an duba ya shiga uku. Suka tsaya a ƙarshen gado. Cif bai ɗaga murya ba, da Hausa ma ya yi maganar, ina jin don in ji. Ya tambaye shi me ya sa ya ce ya duba alhali bai duba ba. Yaron ya ce, "Tsoro na ji in ce maka ban duba ba." Ya juya ga Rukayya ya tambaye ta tun yaushe ta lura da hannun. Ta ce tun ranar farko. Me ya hana ta faɗa? Ta sunkuyar da kai, kowa a wurin ya san amsar. Cif ya dubi tawagarsa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce daga yau duk wanda bai duba ba ya ce bai duba ba, ba abin da zai same shi. Ya sa Dakta Habila ya nuna musu yadda ya yi da abin sauraren, ya kuma ce kada wanda ya sake yi wa dattijo tambaya ta bakin wani sai ya san ko wane ne wannan ɗin a wajensa.

Ba zan ce muku Cif ya zama wani mutum dabam ba. Kafin a sallame mu na jiyo shi yana aika wani ɗalibi sayar da tumatir. Amma labulen nan mai taya bai koma lungu ba, kuma da kunnena na ji wata ɗaliba tana tambayar mai jinyar gadon gaba, "Kai wane ne nasa?" Rukayya kuwa kullum sai ta leƙo ta gaida Baba, ta sa masa abin sauraren a kunne su yi 'yar hirarsu. Shi ya ce min yarinyar za ta yi likita.

Ina gode musu, don hannunsu Allah Ya sa ya ceci Baba. Ina kuma jin haushinsu, don a hannunsu ya kusa tafiya. Yaran nan sun haddace cututtukan da ni ko sunansu ba zan iya furtawa ba. Abin da ba a koya musu ba shi ne yadda za su roƙi tsoho mai farin gemu ya ɗage hannunsa, da yadda za su ce wa malaminsu ban sani ba ko ban duba ba. Ladabi ya hana su taɓa Baba, tsoro ya hana su faɗin gaskiya, mu kuma kunya ta rufe mana baki. Masu koyarwa, don Allah ku sa wannan a cikin karatun, ku kuma rage zafi, don yaron da ke rawar jiki a gabanku zai ba ku amsar da kuke so ne, ba wadda ke jikin mara lafiya ba. Ku kuma 'yan'uwana masu kai iyaye asibiti, in kun san akwai abin da tsohonku ba zai faɗa a gabanku ba, kada ku jira a kore ku. Ku gaya wa likita, ku fita da kanku.

Mun dawo gida a mako na shida. Nasiru ya iso, ya karɓi wankin ciwon da yankan farce. Baba ya rame ƙwarai, yana tafiya yana dafa bango, ba ya son magana. Likitoci sun ce ya haye, ni dai zuciyata ba ta yarda ba. Kullum kafin in tafi ofis sai in biya in zauna kusa da shi, ina jiran in ji ya kira ni, ina kuma tsoron ya kira.

Wata safiyar Asabar aka fito da shi zaure, ɗalibai na ta karatu a waje. Ina zaune dab da shi, gwiwata har tana taɓa buzunsa, buta kuma na nan a gindin ƙafata. Nasiru yana can bakin ƙofa yana danna waya. Baba ya gyara zama, ya juya fuskarsa ga bango, ya ɗaga murya yadda ya saba.

"Nasiru, gaya wa yayanku ya miƙo min butar nan."

Nasiru ya dube ni ya fashe da dariya. Na miƙa butar da hannu biyu, idona a kan tabarma. Sannan na tashi na zagaya bayan gida, inda ba mai ganina, na yi kukan da ban yi ba a ƙofar ɗakin tiyata. Baba ya warke.